Murmushin da Na Ƙi Zanawa

Shafin farko da aka taɓa danƙa min hoton ruwan sama ne. Mutum huɗu suna tsaye a bakin tashar jirgin fito, ruwa na zuba a kansu, ga wasu manyan haruffan Japananci sun tsaga shafin daga sama har ƙasa, su ne ƙarar ruwan. Aikina in cire haruffan nan, in mayar da abin da ya kamata a ce yana bayansu: igiyar jirgi, rabin kafaɗar mutum, layukan ruwa da ke saukowa a karkace. Mai zanen bai taɓa zana wannan wurin ba, tunda rubutu ya rufe shi. Ni zan ƙirƙiro shi, in kuma yi shi yadda ko shi kansa ya duba ba zai gane inda hannunsa ya tsaya nawa ya fara ba. Bayan nan in rubuta ƙarar ruwan da Larabci, da irin nauyin da ya ba nasa rubutun. Na ɓata wannan shafi har na gaji da ɓatawa.

Na fara da shi ne saboda ku, ɗaliban da kuke taruwa a filat ɗina na unguwar Muraƙƙabat a nan Dubai ranar hutu kuna nuna min waya. Kun ce yanzu akwai manhajar da ke share rubutu nan take, ta zuba fassara, khalas, an gama. Kuna so ku fitar da manga da Hausa, wato littattafan zane na Japanawa, kuma wallahi ina son ku yi. Amma tunda kun ce Baba Sabo tsohon yayi ne, to ku zauna tsohon yayi ya gaya muku yadda aikin yake.

A Fagge na koyi riƙe burushi. Allon shago nake rubutawa, da bayan motocin haya, da Larabci da boko. Wani ɗan kasuwa mai harkar kago, wato jigilar kaya, ne ya yi min hanya zuwa Dubai, na shiga wani shagon alluna a unguwar Deira. Wata rana wani tsoho Basudane, dogo, da gilashi mai kauri, ya shigo yana tambayar wane ne ya rubuta allon gidan abincin da ke kwanar layinsu. Na ɗauka ƙorafi ya kawo. Ya ce harafin ƙarshe na allon yana zaune kamar mutumin da ya ƙoshi, kuma mai iya zaunar da harafi haka bai kamata ya ƙare a kan tsani ba. Sunansa Ustaz Ɗayyib. Shi ya kai ni wani ƙaramin kamfanin ɗab'i a unguwar Port Sa'id ta nan Dubai, hawa na sama, inda tagarmu ke kallon jiragen katako ana loda musu firji da taya. Kamfanin yana sayen izini daga Japan yana fitar da littattafan nan da Larabci.

Kada ku ɗauka daga zuwa aka ba ni shafi. Ustaz ya fara sa ni feƙe alƙalamin kara, sai ya karɓa ya duba bakinsa ya jefa a kwando. Daga nan ya sa ni ja layi. Layi kawai, a farar takarda, siriri daga sama ya yi kauri a tsakiya ya sake sirancewa. In na yi sauri sai ya ɗora yatsa a bayan hannuna ya ce shwaiya shwaiya, a hankali, takardar ba guduwa za ta yi ba. Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: alƙalamin kara, alƙalamin ƙarfe mai bakin allura, baƙar tawada, farin fenti mai kauri, reza, da gilashin ƙara girma. Sai wata leda mai ɗigo-ɗigo da ake yankawa a manna don yin inuwa. Wannan ledar ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. In ka manna sabon yanki kusa da tsoho, ɗigon bai hau layi ɗaya ba, a kan tebur ba za ka ga komai ba, amma da an buga sai wani tabo ya fito a fuskar mutum kamar makero. Daga baya kwamfuta ta zo, muka koma zane a allon lantarki. Rezar ta tafi, fentin ya bushe a kwalba, amma idon da ke gane ɗigon da ya kauce bai canja ba, kuma har yau ba a sayar da shi a kanti.

Sai maganar balan-balan, wato da'irar da ake zuba maganar mutum a ciki. Abu ɗaya ne Japananci da Larabci suka yi tarayya a kai, duka daga dama ake buɗe littafin, don haka ba ma juya hoto. Amma Bajapane daga sama zuwa ƙasa yake rubutu, shi ya sa balan-balan ɗinsa dogo ne siriri kamar kuɓewa. Larabci kuwa a kwance yake tafiya, yana son fili. To ka zuba min jimla mai kalma goma a cikin kuɓewa, ba tare da ka matse ta ba, ba tare da ka rufe idon mai magana ba. A nan ne muke kai ruwa rana da Madam Huda, mai fassararmu, wata Bamisriya da ta yi karatu a Japan. Ni in ce ta rage kalma, ita ta ce in ta rage ma'ana ta mutu. Sai mu yi ta juya jimla ɗaya har shayinta ya huce. Ba ta taɓa yarda an ƙara wa mutum abin da bai faɗa ba, ni kuma ban taɓa yarda harafi ya taɓa gefen da'ira ba.

Littafin da ya ci yawancin shekaruna shi ne wanda muke kira na 'yan fito. Labarin abokai huɗu ne da suka tashi tare a wani ƙaramin tsibiri, suna da tsohon jirgi suna ketarar da mutane. Sai wata ƙungiya ta sauka a tsibirin da sunan taimakon tsofaffi. Mutanenta masu ladabi ne, fararen kaya, gaisuwa har ƙasa. Duk tsohon da ya shiga gidansu, bayan ɗan lokaci sai a nemi gidansa da gonarsa a rasa, daga baya shi ma a rasa shi, hukuma kuma ta ce ba ta san da zaman mai wannan suna ba. Abokan nan su kaɗai suka ƙi yin shiru, saboda su ne suka ketarar da tsofaffin da hannunsu. Shugabarsu mace ce, matuƙiyar jirgin, mai tabo a gira, ba ta da yawan magana.

Kun ga a irin wannan labari, rabin tsoron a rubutu yake. Mutanen ƙungiyar na ware musu hannu na musamman, siriri, tsaf-tsaf, kowane harafi daidai da ɗan'uwansa kamar an auna da sikeli. Abokan kuwa na ba su rubutu mai ɗan karkata, mai kauri, kamar na wanda ya rubuta a tsaye. Har ta kai mai karatu in ya buɗe shafi ya hango siririn rubutun nan yana fitowa daga bayan ƙofa, tun bai ga fuska ba gabansa ya faɗi. Ku tambayi manhajarku ta zaɓa muku wannan.

Masu karatunmu kala-kala ne. Akwai 'ya'yan Larabawan nan, akwai ma'aikatan asibiti, akwai yaranmu na gida da suka zo karatu suke goge Larabcinsu da shi. Wata malamar makaranta takan zo har ofis duk lokacin da sabon juzu'i ya kusa fita. Wata rana ta tare ni a matakala ta ce ta san na riga na ga shafukan gaba, in gaya mata kawai ko ƙanin matuƙiyar yana raye. Na ce mata ni lebura ne, gini nake yi, ba ni da izinin buɗe ɗaki kafin mai gida. Ta yi fushi ta tafi, ranar fitowar littafin kuma ita ce ta farko a layi.

Yanzu bari in zo kan muguwar shekara.

Mai kamfanin ya tsufa ya sayar. Ustaz Ɗayyib ya riga ya koma gida, idonsa ya ƙi. Sababbin masu kamfanin suka turo mana manaja, wani matashi mai suna Fadi, mai fara'a, kullum habibi a bakinsa. Ba mugu ba ne a mu'amala, in ya shigo har dabino yake rabawa. Amma littafi a wurinsa kwali ne da ke cin wuri a sito. Ya duba ya ga na 'yan fito saura juzu'i uku ya ƙare, su kuma sun yanke shawarar komawa buga littattafan girki da na yara. Ba ya so ya bar labarin a buɗe, don kada masu karatu su dame shi, ba ya kuma so ya ci gaba. Sai ya samo dabara.

Muna kan juzu'i na tara a lokacin. A ƙarshensa abokan sun ƙona ofishin ƙungiyar da ke bakin teku, sun kuɓutar da wasu tsofaffi. Amma a shafin ƙarshe an kama ɗayansu. Matuƙiyar tana tsaye a kan jirgi, bakinta a rufe gam, tana kallon wani ɗan kwalekwale can nesa da ke tafiya da abokinsu. Balan-balan ɗaya ne a shafin, ƙarami: “Sun tafi da shi. Ku juya jirgi.”

Fadi ya kira ni da Madam Huda ofishinsa, ya shimfiɗa shafin a tebur. Ya ce abu uku yake so. A share kwalekwalen a mayar da wurin teku. A ɗauko hoton abokin daga wani shafi na baya a tsayar da shi a bayanta. Sannan a ɗaga gefen bakinta ta yi murmushi, a rubuta cewa sun yi nasara, su koma gida. Daga ƙasa a sa kalmar ƙarshe, a rufe littafi.

Madam Huda ta tambaye shi ko masu littafin a Japan sun san da haka. Ya ce ba sa karanta Larabci, kuma kwafin da za a aika musu za a bar shi yadda yake. Ta tattara takardunta ta fita. Ya juyo gare ni.

“Habibi, baki ne kawai. Ka ɗan ɗaga gefensa. Kai da ka zana ruwan sama, wannan zai gagare ka?”

Na ce masa ba gagarata zai yi ba, yi ne ba zan yi ba.

Ku fahimce ni, ba wai ban taɓa canja zane ba. Na sha tsawaita hannun riga, na sha mayar da kwalbar giya ta lemo, saboda ƙasar da muke ciki. Amma duk wannan sai an rubuta wa masu littafin sun amince, kuma labarin yana nan yadda yake. Wannan kuwa ƙarya ce ake so in ɗinka wa mutane a cikin abin da suka yi shekaru suna bi. Matar nan tun juzu'in farko ba ta taɓa barin kowa a baya ba. Ni na rubuta duk kalmar da ta fita daga bakinta. A ce da hannuna zan sa ta yi dariya alhali ana tafiya da abokinta?

Fadi bai ɗaga murya ba. Ya tuna min, cikin ladabi, cewa bizata a ƙarƙashin kamfanin take, kuma mutum mai shekaruna ba ya samun wani wuri da sauƙi a garin nan. Ya ce in je in yi tunani. Na ce na riga na yi. Ya sake kirana bayan kwana biyu-uku, ya ce ba za a sa sunana a shafin ba. Na ce sunan ba shi ne damuwata ba, hannun ne. Kafin wata ya ƙare aka soke min biza. Na kwashe alƙalumana a cikin ledar kanti na sauko daga hawan nan. Madam Huda ta riga ni ajiye aiki.

Duk wanda ya zauna a Dubai ya san abin da ake nufi da a soke maka biza. Ana ba ka ɗan lokaci, ko ka samu wani ya ɗauke ka, ko ka hau jirgi. Ina da yara a makaranta a Kano. Na zaga kamfanonin ɗab'i, kowa ya ce yana da matasa masu kwamfuta. Wanda ya cece ni Awudu ne, wani ɗan Zangon Kumasi da muke sallah masallaci ɗaya, direban wata gona a Hatta, can cikin duwatsu wajen iyakar Oman. Ya ce akwai mai shagon walda a can da ke neman mai rubuta allo, zai yi min biza. Ya ce min, Maigida, aikin bai kai darajarka ba. Na ce masa daraja ba ta hana jirgi tashi da mutum, yalla mu tafi.

Shekara guda na yi a Hatta ina rubuta allon masu sayar da zuma, da kibiyar da ke nuna hanyar dam, da sunayen gidajen da baƙi ke kamawa a ƙarshen mako. Ƙarfe nake fentawa a rana, da rani kuwa in ka taɓa allon sai ya ƙona maka yatsa, fenti yana bushewa a burushi kafin ka gama harafi. Na koma kan tsanin da Ustaz ya sauko da ni daga kai. Abin da na fi tsoro shi ne hannuna ya yi nauyi, domin mai babban burushi yakan manta da bakin allura. Saboda haka kullum bayan sallar asuba, kafin in fita, sai na feƙe kara na cika takarda da siraran layuka. Mai waldar yana ganina yana dariya, wai me zan yi da hoton ruwan sama a wurin da ruwa ba ya zuwa.

Ina can labari ya iske ni. Fadi ya ba wani kamfani na waje aikin, suka yi shi da irin manhajar da kuke nuna min. Littafin ya fito. Murmushin ya karkace kamar na mai ciwon haƙori, inda aka share kwalekwalen kuma ɗigon teku bai hau layi ba, tabo ya fito ƙuru-ƙuru. Malamar nan ta matakala ita ta fara zargi. Ta sa aka aiko mata da na asali daga Japan, ta ajiye shafukan biyu gefe da gefe ta ɗauki hoto ta watsa. Masu karatu suka yi ca. Maganar ta kai ga masu littafin, suka janye izininsu gaba ɗaya daga kamfanin.

Wannan bai mayar min da aikina ba, kada ku ɗauka fim ne. Na ƙara watanni a kan tsani. Sai wata rana Madam Huda ta kira ni. Ta haɗa kai da wata 'yar ƙasa mai kantin littattafai, sun yi ta rubutu zuwa Japan har aka yarda aka ba su izinin, bisa sharaɗin za a sake juzu'i na tara daga farko, kuma wakilinsu zai duba kowane shafi. Ta ce ɗaki ɗaya ne ofishin, albashin kuma bai kai na da ba. Na ce ta share min tebur kusa da taga. Mun sake na tara, muka yi sauran ukun. Wanda aka kama ko ya dawo ko bai dawo ba, ku je ku karanta, ni ba na buɗe ɗaki.

Saboda haka in za ku yi na Hausa, ku yi. Ku yi amfani da manhajar in tana rage muku wahala, ni ma yanzu nakan sa ta share min fili mai sauƙi. Amma ku nemi izinin masu abu tukuna. Ku koyi jan layi. Ku sani Hausa ma a kwance take tafiya, daga hagu kuma, wahalarku za ta fi tawa. Sannan ku sani wata rana wani zai zo muku da fara'a ya ce ku ɗan gyara wani abu kaɗan, ba wanda zai sani. Ranar ce za a gane ko sana'a kuka koya ko danna waya.

A bikin baje kolin littattafai da aka yi bayan fitowar juzu'in ƙarshe, ina zaune a rumfarmu sai ga Fadi. Ya ɗan yi ƙiba, yana wani kamfanin talla yanzu. Muka gaisa lafiya lau, har ya tambayi iyalina. Ya ɗauki na tara daga kan tebur, ya buɗe daga baya, ya tsaya a kan shafin. Matuƙiyar tana nan tsaye, bakinta a rufe, kwalekwalen yana can nesa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai.

“Ka san me, Sabo? Da kai ka yi min shi da hannunka, da har yau ba wanda ya gane.”

Na karɓi littafin daga hannunsa na mayar da shi kan 'yan'uwansa.

“Na sani,” na ce masa. “Shi ya sa na ƙi.”